Wani dillali ya ce zai sayar min da domen ɗina: in yarda da shi?

Dan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don an ba ni nan da Jumma'a. A 2016 na buɗe wa kawuna shafin intanet, lokacin yana fitar da riɗi da aya zuwa waje. Sunan da muka yi wa rajista, wato domen, adireshin shafin ke nan, kalma ce guda ta Hausa, harafi biyar, da .com a ƙarshe. Kasuwancin ya tsaya tun shekarar korona, shafin ya mutu, amma ban bar sunan ya faɗi ba. Duk shekara ina sabunta shi da kuɗin aljihuna, jikka tara zuwa goma.

Makon jiya sai ga imel daga wani Bature. Ya ce shi dillalin domen ne, kuma yana da mai saye a hannu da zai biya dala 6,000. Sharuɗɗansa uku: la'adarsa kashi 20 cikin ɗari, in sa hannu cewa shekara guda cur ba mai sayar da sunan sai shi, sannan in tura domen ɗin cikin asusunsa, wai don ciniki ya yi sauri. Ban taɓa sayar da irin wannan abu ba. Ku da kuka san harkar, dillalan nan ana yarda da su kuwa? Sunan dai ku yi haƙuri, ba zan rubuta shi a nan ba tukuna.

TsohonDillali:
Wa alaikumus salam ɗana. Dala ta wace ƙasa? In tamu ce ta gida, 6,000 ai jikka talatin ke nan, ba ta kai abin da ka kashe ba.

Dan_Bagalam:
Ta Amurka ce, Baba. Ya haura miliyan uku na sefa.

MaiRezo:
Ɗan damfara ne. Goge saƙon, ka toshe shi, ka ci gaba da harkarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

DalibinDanDikko:
MaiRezo, kada mu yanke hukunci da wuri haka. Dillancin domen sana'a ce ta gaske, akwai manyan kamfanoni da suka shekara ashirin da wani abu suna yinta. Sedo kamfanin Jamus ne, a birnin Kolon yake. Afternic kuma GoDaddy, babban kamfanin rajistar domen, ta saye shi tun 2013. La'adar da ake yanka a waɗannan kasuwannin tana kamawa daga kashi 10 har zuwa sama da 20, gwargwadon kamfani da hanyar da aka sayar. Saboda haka kashi 20 yana da tsada, amma bai fita daga abin da aka saba ba.

Sharaɗi na uku ne ya tayar min da hankali. Yaya Dan_Bagalam, ko da wasa kada ka tura masa domen. Domen ba shi da wata takardar mallaka da za ka ajiye a akwati. Wanda sunan ke cikin asusunsa a kamfanin rajista, shi ke juya shi. Ranar da ka ba shi lambar sirrin da ake ƙaurar da domen da ita, ka ba shi kayan ne baki ɗaya. Kuma idan domen ya ƙaura daga wannan kamfanin rajista zuwa wancan, a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ana iya kulle shi kwana 60 kafin ya sake motsawa. Ka ga maganar sauri ma ba ta tsaya ba.

TsohonDillali:
Madalla da wanga yaro. Ni ban san domen ba, jikana ka karanta mini rabin abin da kuke rubutawa. Amma dillanci na sani, shekara talatin da ɗoriya ina cikin tike, daga nan Maraɗi har Tasawa da Dakwaro.

Gaskiya ne mai akuya yakan miƙa wa dillali igiya. To amma wane dillali? Wanda ka san gidansa, ka san ubansa, sarkin tike ya san shi. In ya gudu da jar akuyarka yau, gobe ba shi da wurin tsayawa a kasuwa, 'ya'yansa ma sai an yi musu gori. Kuma kana zaune gindin bedi kana hangen dabbarka, kana ganin wanda ya buɗe mata baki ya duba haƙora. Amanar dillali ba daga fuskarsa take ba, daga abin da zai rasa ne in ya ci ta. Wanga Bature, in ya tahi da igiyar, ƙofar wa za ka buga?

Hajiya_MaiAya:
Wallahi Baba ka faɗi magana. Allah ya ƙara lafiya.

DanJibiya:
Bari in ba ku abin da ya same ni, tun da muna zaure ɗaya ko da yake ni ina wannan gefen iyaka. Shekara uku da suka wuce na sa wani suna a kasuwa. Wani ya rubuto, ya ce yana wakiltar mai zuba jari, zai ba ni dala 15,000. Ko tayi bai yi ba, kai tsaye ya faɗi kuɗin. Sai ya ce abu ɗaya ya rage, mai sayen yana son takardar ƙiyasin daraja daga wani shafi da ya amince da shi, ya turo min adireshin. Dala 89 ne kuɗin takardar. Na ce me dala 89 za ta yi a gaban 15,000? Na nemi wani mai kati ya biya min, na ba shi naira. Takardar ta zo da hatimi mai kyau. Na tura masa. Tun ranar ko gaisuwa bai sake amsawa ba. Daga baya na gane shafin ƙiyasin nasu ne, shi ne ainihin kasuwancin, babu wani mai saye tun farko.

Don haka ɗan'uwa, duk wanda ya ce ka fara fitar da ko sisi kafin ciniki, ka rabu da shi. Dillalin mai sayarwa daga kuɗin ciniki ake cire masa la'ada, ba daga aljihunka ba.

MaiRezo:
Kun ji ko? Abin da na ce ke nan tun farko.

Zinariya_Liyon:
MaiRezo, abin da ya sami DanJibiya damfara ce sananna, amma ba ita ce dukan labarin ba. Ni 'yar Soura Bildi ce, aure ya kawo ni Faransa, kuma na sayar da domen sau biyu, duka kuɗina sun shigo cif. Na farko ta kasuwar Sedo, babu dillali ma, na sa farashi wani ya danna ya saya. Na biyu ta hannun dillali mai zaman kansa, kuma gaskiya ya yi min aiki. Ni a raina yuro 2,000 nake nema, shi ya gano kamfanoni huɗu da sunan ya dace da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kai shi kusan ninki uku. Ko bayan ya cire kashi 15 ɗinsa na fi samun abin da zan samu ni kaɗai. Ban iya Ingilishin ciniki ba, kuma da ni ce da tayin farko zan sallama.

Ga yadda muka yi. Domen yana hannuna har ƙarshe. An buɗe cinikin a Escrow.com, kamfanin da ke riƙe amanar kuɗin ciniki, da mutum uku: ni, mai saye, da dillali. Mai saye ya zuba kuɗi a can, suka tabbatar kuɗin sun zauna, sannan suka ce min in saki domen. Da mai saye ya shaida ya karɓa, suka raba, nawa daban, la'adar dillali daban. Kuɗina ba su bi ta hannunsa ba, domen ɗina bai bi ta hannunsa ba. Ban ma buƙaci in san ko mutumin kirki ne ba.

Amma Dan_Bagalam, ƙanena, ga tambayar da nake so ka yi masa. Idan da gaske yana da mai saye a hannu, me zai yi da shekara guda? Mai saye na nan, kuɗi na nan, ai mako biyu sun isa. Wanda ke neman shekara guda bai sami kowa ba tukuna, so yake ya ɗaure ka sannan ya fita nema.

DalibinDanDikko:
Anti Zinariya ta taɓo inda yake. Zan ƙara abu ɗaya. Dillalai iri biyu ne, kuma mutane suna rikita su. Akwai wanda mai saye ya ɗauka ya ce je ka samo min sunan nan. GoDaddy ma tana da irin wannan hidimar, mai saye ne ke biyan kuɗin somawa da la'ada. Irin wannan dillalin aikinsa ya sauko da kai ƙasa, don wanda ya aiko shi yake yi wa aiki. Akwai kuma wanda kai mai kaya ka ɗauka, aikinsa ya hau da farashi. Wannan mutumin shi ya zo maka da kansa, ya ce yana da mai saye, amma kuma daga wajenka yake son la'ada. To na wa ne?

TsohonDillali:
Mu a tike cin baki biyu muke ce ma wannan. Ya amsa nan, ya amsa can, kowa shina ganin nashi ne.

MalamNaZariya:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun safe, bari in sa baki ta fuskar shari'a, don na ga wasu a wani wuri suna cewa la'adar dillali haramun ce. Ba haka ba ne. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali a cikin littafin ijara, ya kawo cewa magabata irin su Ibnu Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifi a cikinsa ba. Abin da aka hana shi ne yaudara: ɓoye aibi, da najashu, wato mutum ya yi tayin ƙarya ba don ya saya ba sai don ya ruɗi wani. Dillalin da ya ƙirƙiro mai sayen da babu shi don ya sa ka sa hannu, ƙarya ya yi, kuma abin da ya ci ta wannan hanya bai halatta gare shi ba.

Sai dai ɗana Dan_Bagalam, ni wata tambayar ce ta fi damuna. Ka ce don kawunka aka buɗe sunan. Da kuɗin wa aka yi rajistar farko? Ya san ana cinikin nan? Kafin ka tambayi amanar Bature, ka duba wadda ke wuyanka.

Dan_Bagalam:
Allah gafarta Malam, wallahi ban yi wannan tunanin ba. Shi ya biya shekara huɗun farko, ni na biya sauran. Sunana ne a rajista don shi ba ya harka da imel. In sha Allah bayan Isha'i zan je gidansa.

Hajiya_MaiAya:
Tun da an zo nan, bari in faɗi nawa, ko wata za ta tsira. Ni ma an yi mini shafi don ayar da nike kaiwa Kano da Kwatano. Wani yaro ne ya yi mini, na biya shi, har na buga sunan a buhuna dubu biyu da katin kasuwanci. Ashe da sunanshi da imel ɗinshi ya yi rajistar. Da aka fara zancen zinariya a arewa ya tattara ya tahi, layinshi ya daina shiga. Lokacin sabuntawa ya zo, saƙon tunatarwa na ta zuwa wurinshi, ni ban sani ba. Wata rana wani abokin ciniki ya kira ni ya ce Hajiya shafinki ya koma talla. Na sa aka duba, an rubuta wai sunan na sayarwa ne. Muka rubuta musu, sai wata dillaliya ta amsa da ladabi, ta ce mai shi na son dala 1,500. Sunan da na raɗa da bakina, sunan ɗiyata ta fari ne a ciki. Na yi kuka ranar, ba don kuɗin ba. Ban saya ba, buhunan nan haka na yi ta amfani da su da adireshin da ba nawa ba har suka ƙare.

Shi ya sa in an ce dillalin domen, gabana faɗuwa yake.

Zinariya_Liyon:
Allah sarki Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da zafi.

DalibinDanDikko:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Don amfanin sauran: .com ba ya faɗuwa rana ɗaya. Bayan wa'adi ya cika yawancin kamfanonin rajista suna ba da 'yan makonni ka sabunta. Idan aka soke shi, akwai kwana 30 na fansa, da tara mai tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, sannan ya koma kasuwa. Wasu kamfanonin ma tun kafin nan suke sa shi a gwanjo. Kuma akwai masu na'urorin da ba su da aiki sai jiran sunayen da suka faɗi. Duk mai shafi a zauren nan ya je yau ya duba imel ɗin wa ke kan rajistarsa.

SarkinYaki_227:
Ni fa ina ganin kuna kallon abin ta ƙasa. Dala 6,000 me ce ce? A 2019 an sayar da Voice.com dala miliyan 30. Harafi biyar ne shi ma! Kada ka yi gaggawa ɗan'uwa, wataƙila arziki ne Allah ya ajiye maka.

DanJibiya:
Haba SarkinYaki. Wancan kalmar Ingilishi ce da duniya duka ta sani, kuma kamfanin kuɗin kirifto ne ya saya lokacin da kuɗi suka yi musu yawa. Irin wannan lissafin ne ya sa na biya dala 89. Masu tara sunaye da yawa su da kansu suna cewa cikin ɗari da ƙyar ɗaya ko biyu ke fita a shekara, sauran sabuntawa kawai ake yi ana zuba kuɗi. In yana son sanin gaskiyar daraja, ya shiga NameBio, ya duba nawa aka sayar da sunaye masu harafi biyar da ba Ingilishi ba, masu daɗin faɗi. A nan zai ga kasuwarsa, ba a Voice.com ba.

SarkinYaki_227:
Na ji, amma ka yarda dai tayin farko ba shi ne ƙarshe ba. Ko a babbar kasuwa ba a sallamawa daga buɗe baki, sai an ce albarka sau biyu sau uku.

TsohonDillali:
Wannan kam gaskiya ne. Kuma kada ka fara faɗin kuɗinka na ƙarshe ga dillalin da ba ka tabbatar naka ba ne. In ya ji ƙasanka, nan zai ajiye ka.

Lauya_Goulbi:
Na zo a makare. Abu biyu, ƙanena.

Na ɗaya, yarjejeniyar. Ka karanta ta layi-layi, in da Ingilishi ce ka sami wanda zai fassara maka, kada ka dogara da fassarar waya kawai. Ka nemi wa'adi gajere, wata biyu ko uku. Ka sa a rubuta mafi ƙarancin kuɗin da za a iya sallamawa, kuma ba a sallamawa sai da amincewarka a rubuce. Ka duba wani sharaɗi da suke sakawa can ƙasa, cewa ko bayan wa'adi ya ƙare, in ka sayar wa wanda suka taɓa tuntuɓa, la'adarsu na nan. Sharaɗin ba zalunci ba ne a kan kansa, don yana hana mai kaya ya zagaye dillali, amma dole ya kasance da iyakar lokaci, kuma su ba ka jerin waɗanda suka tuntuɓa. Sannan ka duba in rigima ta tashi kotun ina za a je. In an rubuta wata jiha a Amurka, ka san a aikace ba ka da kotu. Kuɗin lauya na awa biyu can ya fi abin da ka kashe a kan sunan tun 2016.

Na biyu, ka bincika ko kalmar taka ta yi daidai da tambarin wani kamfani a waje. Kalmar Hausa mai harafi biyar tana iya zama sunan kamfani a Turkiyya ko Indiya ba ka sani ba. Akwai tsarin da ICANN ta kafa tun 1999, ana kiransa UDRP, mai tambari yana iya kai ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya da ke Janiba, ya nemi a ƙwace sunan. Sai ya tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da tambarinsa, ba ka da wani haƙƙi a cikinsa, kuma da mugun nufi ka yi rajista kake kuma amfani da shi. Kai kana da kariya mai ƙarfi, kalmar harshenku ce, kuma an yi kasuwanci na gaske da ita. Amma ka tattara shaida tun yanzu: tsofaffin rasit na kawunka, hoton buhuna, da yadda shafin yake a da, za ka iya samunsa a Wayback Machine, shafin da ke ajiye tsofaffin shafuka. Abin da ya sa na kawo wannan, dillalin da bai san aikinsa ba yana iya rubuta wa mai tambari ya ce ga suna na sayarwa, da wannan wasiƙar kuma za a kafa hujja a kanka.

MaiRezo:
Duk wannan wahala a kan abin da ba a gani da ido. Ni har yanzu ban gane yadda za a sayi suna da miliyan uku ba. Cinikin biri a sama ne.

Hajiya_MaiAya:
MaiRezo, ka taɓa tambayar kuɗin rumfa a bakin babbar kasuwa da wadda ke can ciki bayan masu gawayi? Faɗinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Wurin ake saye. Ni da na rasa nawa na san abin da ya ɓace mini.

MaiKanti_Mokoyo:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Mu da muke da .ne namu na Nijar, shi ma ana dillancinsa haka?

DalibinDanDikko:
Kasuwar da ake wannan hada-hadar mafi yawanta ta .com ce, sai irin su .ai na tsibirin Angila da ya yi tashe saboda ƙirƙirarriyar basira. Mai .ne don amfanin kansa ya yi, kada ya sa ran dillalai za su biyo shi.

Zinariya_Liyon:
Mu koma kan Dan_Bagalam, don akwai abin da ba wanda ya ambata: ta ina kuɗin za su iso Maraɗi? Ni ina da asusun banki a nan, shi ya sa nawa ya zo da sauƙi. Kai sai ka shirya tun kafin a buɗe ciniki. Masu riƙon amanar kuɗi za su nemi ka tabbatar da kanka, fasfo ko katin ɗan ƙasa, da takardar da ke nuna inda kake zaune. Sunan da ke kan asusun banki dole ya zo daidai da wanda ke kan cinikin. Ka je bankinka ka tambaye su lambar SWIFT, wato lambar bankin ta karɓar kuɗi daga waje, da abin da za su nema in kuɗi suka shigo daga waje, don za su tambayi dalili, sai ka nuna takardar cinikin. In za ka iya, ka nemi a yi da yuro. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ka san abin da zai zo maka ba tare da fargabar canji ba, ban da abin da bankuna za su yanka a hanya.

Wani abu kuma: akwai shafukan bogi masu kwaikwayon na riƙon amana, harafi ɗaya kawai suke canzawa. Kada ka danna adireshin da ya turo maka. Ka rubuta da hannunka, ka shiga asusunka, ka ga kuɗin a can da idonka. Imel mai cewa an biya ba shaida ba ce.

DanJibiya:
Irin alat na bogi da ake yi wa masu shago a nan ke nan.

MaiKanti_Mokoyo:
Ku tuna lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar, bayan 26 ga Yulin 2023 har aka ɗage shi a Fabrairun 2024, yadda turo kuɗi ta banki ya yi wuya. Mutanen waje ba su san wannan ba. Gara ya tambaya tun yanzu ko suna biya zuwa Nijar kai tsaye, kada ya saki kaya kuɗi su maƙale a hanya.

SarkinYaki_227:
Ya yi amfani da asusun wani ɗan'uwa a waje mana, daga can a turo masa ta Nita ko Amana.

Lauya_Goulbi:
A'a. Anti Zinariya ta riga ta faɗa, suna dole ya zo ɗaya. Kuma ya gudu daga amanar baƙo ya faɗa ta dangi, wadda in ta lalace ko ƙara ba ya iya kaiwa.

Dan_Bagalam:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na je wajen kawu jiya da dare. Ya yi shiru ya daɗe, ya ce shi ya ɗauka sunan ya mutu tare da kasuwancin. Ya ce in an sayar mu raba biyu, in ba a sayar ba in ci gaba da riƙewa, wataƙila ɗansa ya tayar da harkar riɗin wata rana. Har ya ɗauko min tsohon littafin rasit mai ɗauke da adireshin shafin, na ɗauki hotonsa kamar yadda Lauya ya ce.

Shi kuma Baturen na rubuta masa da taimakon DalibinDanDikko. Na ce domen ba zai bar hannuna ba sai kuɗi sun zauna a Escrow.com, wa'adi kwana 60, la'ada kashi 15, kuma ya faɗa min ko mai sayen ma yana biyansa. Ya amsa da safen nan. Ya janye maganar tura domen, ya ce ba matsala. Ya yarda da Escrow.com. Wa'adi ya ce kwana 90. La'ada ya ƙi saukowa daga 20. Ya ce mai saye ba ya biyansa komai, amma ba zai faɗi ko wane ne ba. Sai kuma ya ce mai sayen ya sake tunani, yanzu 4,500 yake bayarwa. Bai nemi in biya komai ba har yanzu.

MaiRezo:
Daga 6,000 zuwa 4,500 cikin kwana uku. Mako mai zuwa 3,000 za ka ji.

DalibinDanDikko:
Ni kuma abin da na gani, ya janye sharaɗin da ɓarawo ba zai janye ba. Wanda ya zo satar domen, da ka ambaci Escrow.com zai ɓace. Ɓoye sunan mai saye kuma al'ada ce a harkar, don in ka san kamfanin za ka iya zagaye shi ko ka ninka kuɗi. Na bincika sunansa, yana da shafi da ya daɗe, kuma imel ɗin daga adireshin shafin ya fito.

TsohonDillali:
Ba ɓarawo ba ne, wataƙila. Amma wannan saukowar na san ta. Ana faɗa maka kuɗi mai daɗi don ka kawo dabba kasuwa, in ka iso ka gaji ka sha rana sai a ce kasuwa ta faɗi. Ɗana, ka ce mishi albarka. Ka ce 6,000 da ya faɗa da bakinshi ita ce ƙasa, a rubuta ta cikin takarda. Kai ba yunwa ta kawo ka ba, shi ya zo.

Zinariya_Liyon:
Baba, ina jin tsoron kada a ja igiyar ta tsinke. 4,500 in an cire kashi 20 saura 3,600, ko an raba biyu kowa ya sami abin da zai ja jari. Shekara tara ba wanda ya taya sunan nan sai yanzu. Ni da zan karɓi kwana 90 ɗin, in sa ƙasa 5,000, in ga abin da zai kawo.

SarkinYaki_227:
Ko kuma ya bar dillalin, ya sa sunan a Afternic ko Sedo da kansa. In mai sayen na gaske ne zai biyo shi can.

Lauya_Goulbi:
Zai iya, muddin bai sa hannu a komai ba tukuna. In ya sa, wancan sharaɗin na bayan wa'adi zai kama shi.

MalamNaZariya:
Ku dai ku yi hattara da wannan shawarar. In mutumin nan da gaske shi ya nemo mai sayen, a zagaye shi don a hana shi ladansa ba daidai ba ne. Yadda ba ma so a ci amanarmu, mu ma kada mu ci ta wani. Ɗana, ka yi istihara kafin Jumma'ar.

Dan_Bagalam:
In sha Allah, Malam. Ban sa hannu ba tukuna. Gobe da safe zan shiga banki in yi tambayoyin da Anti Zinariya ta lissafa. Abu ɗaya ya tsaya min: takardar shaidar wurin zama. Gidanmu na gado ne, takardar wutar NIGELEC da ta ruwa duka da sunan marigayi mahaifinmu suke fitowa. Akwai wanda ya taɓa wuce wannan matakin daga nan Maraɗi? Da wace takarda?

MaiKanti_Mokoyo:
Ni takardar bayanin asusu ta banki na bayar a wani wuri, mai ɗauke da sunana da unguwa, aka karɓa. Amma ba wannan kamfanin ba ne. Ka tambaye su kafin ka buɗe cinikin, kuma in za ka je banki ka riƙe katinka na asali, ba kwafi ba.